Injin Motar Masara

Elm Fork, Nebraska
Yuli, 1986

Zuwa ga Kaka Verna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen ofishinki. Mu nan lafiya lau, sai Mama da zafi ya kumbura wa ƙafa, da karenmu da ya cinye rabin takalmin Baba amma bai mutu ba.

Na san ba za ki gane ni ba. Ni ce Twila, 'yar Lyle Hruska, jikar Mildred wadda kakanku ɗaya da ita. Sau ɗaya muka haɗu, a wajen jana'izarta. Ni ce yarinyar da ta ɓuya ƙarƙashin teburin abinci, kika miƙo mata burodin kolachi ba tare da kin leƙo ba. Yanzu shekarata goma sha uku. Har yanzu ban iya magana da mutane ba, shi ya sa na rubuto maimakon in buga waya. A bayan lasisin tseren mota na Baba na ga adireshinki, inda aka rubuta Ƙungiyar Filayen Yumɓu, da sunanki a ƙasa.

Kaka, Baba ya ci tsere. Na san abin murna ne, amma ba mu yi murna ba.

Tun ina ƙarama yake shiga tseren filin garinmu duk Asabar, kuma kusan kullum na tara yake zuwa. Har mai sanarwa yakan ce, "Ga Lyle nan a mazauninsa." To, Asabar da ta wuce mai jiƙa fili ya cika ruwa, motocin gaba suka yi ta sulɓewa suna karo da juna, Baba kuma ya sa wani sabon inji mai ƙarfi. Kafin mu ankara sai ga shi a gaba, an kaɗa masa tuta. Mama ta zubar da lemonta a kan wani mutum.

Bai ma cire hular kwano ba sai ga maƙwabcinmu Merle Pokorny, wanda ya zo na bakwai, ya shigo tsakiyar fili da motarsa mai hayaƙi. Ya danƙa wa alƙalin tsere kuɗi, ya kira lambar motar Baba. Kin fi ni sanin dokar, tunda an ce ke kika rubuta ta: duk wanda ya zo cikin huɗun farko, na bayansa yana da ikon biyan kuɗin da ƙungiya ta yanka ya ɗauke injinsa.

Baba ya ce, "Kai Merle, ni za ka yi wa haka? Tsanina ma yana gidanka tun bara!"

Merle ya ce, "Tsani daban, inji daban, mutumina. Kawo sarƙa mu ciro shi tun yana da ɗumi."

Baba ya ce ba zai bayar ba. Alƙali ya ce to an dakatar da shi shekara guda a duk filayen ƙungiya, sai fa in ya miƙa injin kafin wata ya cika.

Tun ranar Baba ba ya waƙa in yana aske gemu. Jiya a coci shi da Merle suka zauna benci ɗaya kamar kullum, kowa yana kallon bango daban.

Ba taurin kai ba ne, Kaka. Akwai dalili, amma na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Ina roƙonki ki yafe masa wannan karon kawai, tunda ke ce shugaba kuma mu danginki ne. Bai san na rubuto ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, a kan gwiwa nake yi.

Jikarki,
Twila

*

Carver Junction, Iowa

Jikalle Twila,

Na gaishe ki, na gaida mamarki Ardis da ƙafarta. Ki ce ta jiƙa ta a ruwan gishiri ta daina tsayuwa a kan mazan gidan nan. Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwa, ita kuma mun daɗe ba ma shiri. Na tuna ki sarai. Hannu kawai na gani ya fito daga ƙarƙashin tebur, na ce wannan hannun na gidanmu ne.

Lyle ya ci tsere! Na karanta wurin sau biyu, na goge tabarau na sake karantawa.

Bari in ba ki labarin dokar nan, don ki san ba don mugunta aka yi ta ba. Lokacin da na auri kakanki Emil, kowane gari da nasa tseren da nasa dokokin. Direba ya ja mota zuwa garin gaba a ce tayarsa ta yi faɗi, ya je wani a ce ta yi siriri. Wani mai fili ya tara kuɗin ƙofa ya sulale ta baya kafin a raba kyauta. In mota ta afka cikin 'yan kallo kuwa, babu mai biyan asibiti. Sai Emil ya ce mu haɗa filayen wuri ɗaya: doka ɗaya, inshora ɗaya, direba ya yanki lasisi ɗaya ya shiga ko'ina, mai fili ya ba ƙungiya ɗan wani abu duk ranar tsere. Shi ne mai baki, ni ce mai keken rubutu. Ofishinmu teburin kicin ne. Da filaye uku muka fara, ɗaya ma makiyayar shanu ce ranar da ba tsere.

Abin ya yi kyau har 'yan shekaru, sannan ya fara mutuwa a hannunmu. Wani dillalin motoci ya sayo inji daga birni wanda kuɗinsa ya fi na gidanmu. Duk Asabar shi ke ci. Manoma suka ga ba za su iya ba, suka mayar da motocinsu rumfa, kaji suka yi ta ƙwai a ciki. Ranar da na ƙirga motoci a fili ban cika yatsun hannu biyu ba, 'yan kallo kuma sun fi son zama gida, na ce wa Emil ko mu rufe ko mu yi abin da za a zage mu. Muka zaɓi zagi. Muka ce inji kowane iri ne, kuɗinsa ɗaya a filinmu, kuma ba su kai na ɗan maraƙi ba. Wa zai zuba dukiya a inji alhali ya san maƙwabcinsa zai ɗauke shi da kuɗin maraƙi? Dillalin ya yi fushi ya tafi. Manoma suka kori kaji suka dawo. Yau filayenmu sun haura arba'in.

Kin san injin wa aka fara ɗauka? Na Emil. Kwana biyu bai ci abincina ba. Saboda shi na ƙara wancan sharaɗin na wata guda, don na lura namiji yakan huce in an ba shi lokaci da abinci.

Ina rubutu a tsaye ne, mota tana jirana, zan zaga filayenmu na Kansas. Ki kwantar da hankalinki, 'yar nan. Dokar nan ba ta taɓa cutar da mutum irin babanki ba, don irinsa aka yi ta.

Kakarki,
Verna

*

Elm Fork

Zuwa ga Kaka Verna,

Ina gaisuwa, ya gwiwa? Mama ta gode, ƙafa ta saɓe. Sai dai ta tambaye ni yaya aka yi kika san da ƙafarta, na ce ban sani ba, na shiga ɗaki da sauri.

Kaka, na yi ɓarna. Da na karanta ƙarshen wasiƙarki, inda kika ce in kwantar da hankalina, dokar ba za ta cutar da Baba ba, sai na ɗauka kin yafe masa ne. Na ruga gona na same shi wajen injin ban ruwa na nuna masa. Ya ce, "Ke kika rubuta wa Verna? Ke da ko mai kawo wasiƙa ba kya iya gaisarwa?" Ya ɗaga ni sama da hannunsa duk baƙin mai.

Ranar Asabar ya wanke mota, ya ɗora ta a tirela, muka tafi yana waƙa. A bakin ƙofa tsoho Floyd mai gadi ya tare mu.

"Lyle, ina zuwa haka?"

"Mazaunina zan koma. Gwaggona ta yafe mini."

"Gwaggonka ba ta gaya mini ba. In kallo ka zo, ƙofar 'yan kallo tana can, kuma ana biya."

Dole Baba ya yi baya-baya da tirela a gaban layin motoci, kowa yana danna masa hon. Merle ya leƙo ta taga ya ce, "Maƙwabci, injina ka kawo mini har nan? Ai da ka bari na zo gida na ɗauka." Ni dai na kwanta a ƙasan kujera har muka isa gida. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya saya mini askirim ma. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Yanzu zan karya alkawari, don na ga in ban faɗa ba ba za ki gane ba. Injin nan ba na tsere ba ne. Na babbar motarmu ta kwasar masara ne. Injin tserensa ya fashe a farkon bazara, sai ya ce ai motar masara zaune take a rumfa ba ta komai sai kaka ta yi, bari ya ara. Ni na riƙe masa fitila. Ya ce, "Wa zai nemi injin mutumin da ke zuwa na tara? Kafin girbi na mayar, mamarki ba za ta sani ba." Bai taɓa zaton zai ci ba, Kaka. Ba da gangan ya ci ba.

In ya ba Merle, ba mu da motar kai masara rumbun gari, kuma kuɗin da za a ba shi ba za su sayi irinsa ba. Masarar bana ta yi kyau, har ta fi Baba tsawo. In bai bayar ba kuma, shekara guda ba tsere, ni kuwa ban san wane irin mutum Baba zai zama ba in babu Asabar.

Motar tana nan a rumfa, bonet a rufe, ciki wayam. Duk lokacin da Mama ta nufi wajen, sai in ce ina jin ciwon ciki.

Ki yi haƙuri da abin da zan ce. Na gane labarin dillalin nan, amma Baba ba dillali ba ne. A wajena dokar nan ta yi kama da ƙwace.

Jikarki,
Twila

*

Elm Fork
Agusta

Kaka Verna,

Ina fatan lafiya. Kullum ina zuwa bakin titi in buɗa akwatin wasiƙa, babu komai sai tallan iri.

Na san kalmar nan ta ƙwace ce ta ɓata miki rai. Na janye ta. Da ina da hali da na bi motar gidan waya na karɓo takardar. Ke da Kaka Emil kun sha wahala a kan ƙungiyar nan, ni ko ban taɓa kafa komai ba.

Mama ta gano. Kyanwarmu ce ta haihu a inda injin yake, Mama ta ji kuka ta ɗaga bonet. Ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta kira, "Lyle! Zo ka ga ikon Allah, injinmu ya zama 'yan kyanwa."

Baba ya zo yana murza hula. Ya ce, "Ardis, zan yi miki bayani."

Ta ce, "A'a, su za ka yi wa bayani, su za su ja maka masara."

Da ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma mai ciwon ciki, ya jiki?"

Tun ranar wake take dafawa safe da yamma. Watan da aka ba Baba ya kusa cika. Ko ba za ki yafe masa ba, don Allah ki rubuto ko layi ɗaya ne, in san ba ki daina zama kakata ba.

Twila

*

Carver Junction

Jikalle,

Yau na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin tulin takardu. Na karanta su ban ko cire takalmi ba. Lafiyata lau, sai ƙurar Kansas da na haɗiya. Fushi kuma? 'Yar nan, shekara talatin ana kirana ɓarauniya ta lasifika. Wani ya taɓa aiko mini da mataccen kifi a kwali. Taki kalmar ai gaisuwa ce.

Laifina ne da na rubuta miki magana rabi ina sauri. Ki ba Lyle haƙuri a kan abin da ya faru a ƙofa. Amma batun kyanwa, sai da na zauna a ƙasa don dariya, yarinyar ofis ta zaci faɗuwa na yi.

Ga abin da ya tsare ni. Wani kamfanin ƙera injin tsere ya zo da tayi mai maiƙo: zai zuba kuɗin kyaututtuka a duk filayenmu, a sa sunansa a kowane allo, sharaɗinsa ɗaya, a soke dokar ɗaukar inji. Dalili a fili yake, ba mai sayen injinsa mai tsada muddin dokar tana nan. Masu filaye za su kaɗa ƙuri'a bayan girbi, wasunsu kuma tuni miyau ya tsinke musu. Shi ne nake bi fili-fili ina shan kofi mara daɗi ina tuna musu zamanin kaji. To ki duba, ina cikin wannan sai a ji na ɗage wa ɗan 'yar'uwata doka? Ranar dokar ta mutu, ba sai an yi ƙuri'a ba. Ba zan yafe masa ba, Twila. Ko Emil ban yafe wa ba, kuma gado ɗaya muke kwana.

Amma ki sake karanta abin da na ce, don ban faɗe shi don lallashi ba. Wa dokar ta ba ikon ɗaukar inji? Wanda ya zo a baya. Wa ya fi kowa iya zuwa a baya a duk Nebraska? Babanki.

Ya kai wa Merle injin tun wa'adi bai cika ba, ya karɓi kuɗin, kada ya taɓa ko sisi. Merle zai ɗora shi a motarsa. Injin da ya kai Lyle gaba, ai zai kai Merle cikin huɗun farko, don Merle ya fi shi iya tuƙi, amma wannan tsakaninmu. Ranar da hakan ta faru, babanki ya shiga tsakiyar fili ya mayar da kuɗin nan ya kira lambar Merle. Sharaɗi biyu ne: ya gama tseren, kuma kada na farko ya zagayo ya wuce shi. Don haka yana buƙatar wani injin, ko wane iri, in dai ba ya mutuwa a hanya. Manomi ba ya rasa inji. Sai dai wannan karon ya tambayi Ardis tukuna.

Za ki ce, in Merle ya gane ya ƙi shiga huɗun farko fa? Zai gane, ba wawa ba ne. Amma na shekara talatin ina kallon mutanen nan. Ban taɓa ganin direban da ya hango gurbi a gabansa ya ɗaga ƙafa ba.

Ina nan kakarki, ko kin so ko kin ƙi. Ki ajiye mini kyanwa ɗaya.

Verna

*

Elm Fork
Satumba

Zuwa ga Kaka Verna,

Gaisuwa da fatan alheri, ya gwiwa, ya masu filaye? Kowa lafiya a nan, ni ce dai muryata ta dishe, za ki ji dalili.

Na karanta musu wasiƙarki a teburin abinci, na tsallake wurin da kika ce Merle ya fi iya tuƙi. Baba ya ce, "Wato in ci gaba da zama na tara, shi ne dabarar?" Mama ta ce, "Abin da ka iya ke nan, ka riƙe shi da kyau."

Washegari ya kai injin gidan Merle a bokitin tarakta. Merle ya zagaya shi yana shafawa ya ce, "Kai, har da ƙurar masara a jikinsa. Lyle, me kake ba shi yake ci?" Baba ya ce, "Ka kula da shi, aro ne." Merle ya yi dariya, ya ba shi kuɗi, ya kuma dawo mana da tsani. Mama ta karɓe kuɗin tun a ƙofa, ta naɗe a takardar nama, ta rubuta HANTA a kai ta jefa firiza, don ta san nan ne kaɗai Baba ba zai taɓa ba.

Injin ban ruwa muka sa, tunda an gama ba masara ruwa. Baba ya tambayi Mama a gabana, har da cire hula. Injin nan, Kaka, bai san sauri ba. Ya saba tsayuwa wuri ɗaya yana gurnani tun safe har dare. Amma bai taɓa mutuwa ba.

Asabar ta farko Merle ya zo na shida. Ta biyu tayarsa ta fashe. Masara kuwa ta fara bushewa, Mama tana fita tana ɓare kai ɗaya ta gatsa ta ji ko ta isa girbi. Ya rage tsere ɗaya, na ranar Lahadin bikin amfanin gona, da rana tsaka. Daga shi an rufe fili sai baɗi.

Benci ya cika maƙil. Muka zauna kusa da Bernice matar Merle, tana cin dafaffiyar masara. Da aka saki motoci Baba ya koma can baya yana tafiya kamar mai zuwa coci. Merle yana na bakwai, ya koma na shida, ya koma na biyar, sai ya tsaya nan. Ya lafe a bayan wata jar mota, ba ya matsawa. Mama ta ce, "Munafuki, ya gane. Da gangan yake yi."

Ga kuma na farko ya zagayo ya fara hango bayan Baba. Na rufe ido, na buɗe. Baba ya manne a ƙasan kwana inda yumɓu ya fi danshi, injin ban ruwa yana ta gurnaninsa.

Saura zagaye biyu jar motar ta buɗe a kwana, ta bar gurbi ta ciki. Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Na ji wata murya tana cewa, "Merle! Shiga! Shiga mana, Kawu Merle, taka shi!" Ashe tawa ce. Mama ma ta hau tana kaɗa jaka. Bernice ta saki baki da masara a hannu ta ce, "Ardis, lafiya? Mijinki ai ga shi can baya." Mama ta ce, "Na san inda na ajiye shi. Merle, taka!"

Ya taka, Kaka. Ya shige gurbin nan kamar an ja shi da igiya, ya zo na huɗu. Na farko ya kai hancinsa daidai tayar Baba ta baya lokacin da aka kaɗa tuta, amma bai wuce ba. Motoci da yawa sun mutu a hanya, da aka jera waɗanda suka gama, kin san na nawa Baba ya zo? Mai sanarwa ya ce, "Jama'a, Lyle ya koma mazauninsa!" Aka yi ta tafi kamar shi ya ci.

Bai ko tsaya ba ya karya kan mota zuwa tsakiyar fili, ya ciro ƙunshin daga rigarsa ya danƙa wa alƙali. Alƙali ya juya shi ya ce, "Lyle, hanta ka kawo mini?" Baba ya ce, "Buɗe dai." Sai ya kira lambar Merle da ƙarfi har muna ji daga benci.

Mun sauko muka same su. Merle ya cire hular kwano, fuskarsa duk laka sai idanu. Ya nuna ni da yatsa.

"Ke ce 'yar da ba ta magana?"

Na ɓuya a bayan Mama.

Ya ce, "Tun ranar da uban nan naki ya ce aro ne na san abin da kuke shiryawa. Na rantse a na biyar zan zauna har a tashi. Na gaya wa ƙafata, ta ce to. Da gurbin nan ya buɗe, sai ta manta da ni." Ya share fuska ya ce, "Ban taɓa zuwa na huɗu ba, Lyle. Kawo sarƙa, tun yana da ɗumi."

Su biyu suka ciro shi, suna gardama a kan wanda ya fi riƙe spana daidai. Ranar Litinin Merle ya zo ya taya Baba mayar da shi motar masara, bayan mun kwashe 'yan kyanwa zuwa kwandon wanki. Da motar ta tashi, Mama ta fito da sabon kwaɗo ta datse bonet ɗin, ta rataya makullin a wuyanta tare da sarƙar coci. Daren nan nama muka ci.

Jiya muka kai lodin farko rumbun gari. Ni na zauna a gaba. Baba yana waƙa, kuma ya wuce motar Merle a hanya, ya danna masa hon.

In labarin nan zai yi miki amfani wajen masu filaye, ki ba su. Ki ce musu wani manomi ya rasa injinsa da kuɗin maraƙi ya dawo da shi da kuɗin maraƙi, maƙwabcinsa kuma ya zo na huɗu sau ɗaya a rayuwarsa, har ya sa hoton a falo. Amma kada ki faɗi sunana, kuma kada ki ce na hau benci.

Na ajiye miki kyanwa, baƙa mai farin wuya. Har yanzu warin man inji take yi.

Jikarki,
Twila

*

Carver Junction
Nuwamba

Jikalle,

Ina gaida kowa, gwiwa tana gaida ƙafar Ardis. An yi ƙuri'a, doka tana nan, kamfani ya naɗe allunansa ya tafi. Na ba su labarin, ban faɗi sunanki ba. Sai mai filin garinku ya miƙe daga baya ya ce, "Ai 'yar Lyle ce! Har a wurin ajiye motoci an ji ta."

Ina zuwa ɗaukar kyanwata ranar bikin godiya. Ki gaya wa mamarki ta yi kolachi, kuma wannan karon a kan tebur za ki ci, kusa da ni. Ki gaya wa babanki kuma na ji an ce yana yawan zagaya ɗaya motar, mai yankan masara, yana kallon injinta. Ardis ta sayi kwaɗo na biyu.

Kakarki,
Verna